Tsuntsun Asir da gansakukar bango: wanne ne ke cikin haɗari?

Ɗan'uwanmu da ke Jidda, ka ce da ka je hutun zafi Tanuma, garin da ke tsaunukan Asir a kudu maso yammacin Saudiyya, ka ga wani tsuntsu baƙi da fari mai doguwar jela, ka kuma ga gansakuka kore shar a jikin dutse, kana tambayar inda masana suka ajiye kowannensu da wanda ya fi bukatar kariya.

Tsuntsun shi ne wanda Larabawa ke kira ak'ak na Asir, a kimiyyance Pica asirensis, ɗan gidan Corvidae, wato danginsu ɗaya da hankakanmu na gida. George Bates, Ba'amurke, ya bayyana shi a 1936, amma an daɗe ana lissafa shi a matsayin reshen wani tsuntsu da ya cika Turai da Asiya, kuma muddin ana yi masa wannan lissafi, ƙarancinsa bai ja hankali sosai ba, domin ana haɗa shi da miliyoyin 'yan'uwansa. Da aka ware shi ya zama jinsi mai zaman kansa, sai aka ga cewa duk duniya ba shi da mazauni sai tsaunukan Asir, cikin dazukan itacen ar'ar (wanda Turawa ke kira juniper) da suke ta bushewa, ga gine-gine da hanyoyi suna cin sauran. Ƙiyasi bai kai tsuntsaye 300 ba, shi ya sa IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta saka shi cikin masu fuskantar ƙarewa.

Gansakuka kuwa, mu Hausawa da suna ɗaya muke kiran ta saman tafki da ta jikin bango, alhali masana sun raba su nesa da juna. Ta bangon tsiro ce sosai, sai dai ba ta da fure, ba ta da iri, ba ta da saiwa ta gaskiya. A ɗauki misalin Funaria hygrometrica, 'yar gidan Funariaceae, wadda sunanta ya tabbata a littafin masanin tsirrai Hedwig na 1801. Iska ke kwasar ƙwayoyinta masu kama da ƙura, tana son wurin da gobara ta ci, kuma ana samunta kusan ko'ina a duniya, don haka babu mai fargabar ƙarewarta.

A ganina tsuntsun ne abin damuwa, duk da cewa hazon da ke rayar da ar'ar shi ne ke jiƙa duwatsun da ka ga gansakukar a kansu.