Gargaɗi kan dillalin da ke sayar da Marsandin ambaliya

Naira miliyan 14. Abin da Alhaji ya biya ke nan kan Mercedes S550 ƙirar 2007, kuma ni bakanike na duba ta na ce ya biya. Yau mako uku tana zaune a gareji, cikinta ya kusa taɓa ƙasa.

Ga yadda dillalin nan yake yi, don yanzu na gane tsari ne. Ba ya bari ka sami motar a sanyaye. Da muka isa tana kunne, esi na busawa, ya ce ya kunna ne don Alhaji kada ya ji zafi. Na ɗora hannu kan bonet na ji ɗumi, na wuce. Wannan ɗumin nake ta tunawa. Motar nan ba sifirin gare ta ba, balan-balan ɗin iska take hawa, Airmatic, kwamfireso na hura su. Idan robar ta tsage, muddin inji na aiki kwamfireso zai yi ta cikawa, mota ta tsaya cak kamar lafiya lau. Sai ta kwana sannan ta durƙusa. Ta Alhaji gaba biyu duk suna yoyo, kwamfireson ma ya ƙone don wahalar aikin da ba hutu.

Kada wani ya ce ban sa kwamfutar gano matsalar mota ba. Na sa. Dillalin da bakinsa ya ce, "Malam, saka na'urarka, in ka ga matsala ɗaya na bar muku motar kyauta." Ba ta nuna komai ba, domin ya goge lambobin matsala kafin mu zo. Inda ya kamata in leƙa shi ne shafin da ke nuna ko kwamfutar motar ta kammala gwajin kanta. Duk motar da aka goge wa lambobi kwanan nan, wurin zai nuna ba a kammala ba sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Minti ɗaya ne aikin. Miliyan 14.

Kwana biyu da sayen fitilar inji ta kama, lambobin matsala P0016 da P0017, masu nuna taimin ɗin inji ya goce. Duk wanda ya san injin M273 na farko-farkon fitowa, irin na motar nan, ya san abin da ake tsoro: akwai wata ƙaramar giya da sarƙar taimin ke bi ta kanta, ƙarfenta mai laushi ne, haƙoran suna cinyewa, sarƙa ta saki. Giyar ba ta da girma, amma sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a kai gare ta. Mun buɗe, haƙoran sun zama kamar na tsoho.

Tun kafin wannan ma, ko dai washegarin sayen ne, gilashin baya ya ƙi sauka, fitilun baya suna kamawa da kansu. Na ɗaga kafet. Soson da ke ƙasa ya bushe da jar laka, layin kujeru duk tsatsa, filogin wayoyi sun yi kore. Na ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ga shatin ruwa a jiki. Sai a lokacin na sa lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan, a intanet. Hotunanta na gwanjo a Amurka suka fito, kamfanin inshora ya sallama ta saboda ambaliya. Mita a hoton mil 163,000. A gabanmu 78,000 take nunawa. Motar ruwa ba ta gama lalacewa rana ɗaya, tsatsa na cin wayoyi a hankali, yau wannan akwatin lantarki, wata mai zuwa wancan. Shi ya sa ban iya faɗa wa Alhaji inda kashe kuɗin zai tsaya ba. Ko indomin salansa, wato abin tace hayaƙi, sun yanke sun yi walda da bututu.

Kuma wallahi na tuƙa ta ranar sayen. Giya bakwai suna shiga sumul, ba hayaƙi, baƙin mai sabo fes. Dillalin ya bi mu masallaci muka yi la'asar sahu ɗaya, ya ce daga Kwatano ta shigo, mace ce ta hau ta a can. Yanzu waya ba ta shiga, a filin sayar da motocin sun ce ba su san shi ba, wai ajiya kawai ya kawo. Miliyan 14, ban da la'ada.

Hotunan gwanjon, rasidin banki da saƙonninsa na WhatsApp duk suna hannuna, zan saka su da zarar lauya ya ba da dama. Kafin ka biya: bincika lambar shasi, ɗaga kafet, motar ta kwana a kashe ka zo da asuba ka tayar da ita da hannunka. In dillali ya ƙi, kama gabanka.