Bizar horo a Amurka ga mai harkar gidaje da filaye: wace za ka nema, kuma wa za ka biya?

Duk mai harkar gidaje da filaye, dillali ne ko mai kimanta kadara ko mai kula da gidajen haya, in ya ce yana son zuwa Amurka ya ga yadda ake sana'ar a can, bizar da za a fara ambata masa ita ce J-1. Biza ce ta musayar baƙi, ta samo asali daga dokar Fulbright-Hays ta 1961, kuma Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke riƙe da shirin. An tsara ta ne don mutum ya je ya koyi aiki ya dawo gida da abin da ya koya, kuma duk wata ƙa'ida da ke cikinta daga nan ta tsiro.

Kafin ka kashe ko sisi, dubi fasfonka. A watan Yunin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya rufe ƙofa ga 'yan wasu ƙasashe, har da Chadi da Sudan. A watan Disamba na shekarar aka faɗaɗa jerin, sabon umarnin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026: Nijar ta shiga cikin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya, Nijeriya kuma aka dakatar mata da bizar ziyara da ta karatu da ta musaya, wato har da J-1. Ghana da Kamaru ba su cikin wannan jerin, haka nan mai fasfo biyu da zai yi tafiya da na ƙasar da ba a hana ba. Irin wannan umarni sa hannu ɗaya ne ke kawo shi, sa hannu ɗaya ke ɗauke shi, don haka shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarku shi ne abin dubawa a ranar da za ka biya kuɗi. Duk ejan da ya ce maka yana da hanya ta bayan gida alhali ƙofar ƙasarku a rufe take, kuɗinka yake so.

Ga wanda hanyarsa a buɗe take, ko mai shiri kafin ta buɗe, J-1 ɗin da ta shafi wannan sana'a iri biyu ce. Akwai wadda takardunsu ke kira Intern, ta ɗalibin da ke karatu a babbar makaranta a wajen Amurka, ko wanda bai wuce wata 12 da kammalawa ba a ranar da zai fara. Ita ba ta wuce wata 12. Akwai kuma Trainee, mai kaiwa wata 18, wadda ke neman digiri ko takardar ƙwarewa haɗe da aikin shekara ɗaya a fannin a wajen Amurka, ko kuma aikin shekara biyar ga wanda ba shi da takardar makaranta.

Ga ɗan Nijeriya da ya karanta harkar kula da kadarori a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, ta farkon kan kufce, domin watanni 12 ɗin nan su ne dai shekarar bautar ƙasa ke cinyewa. Ta biyun ta fi dacewa da shi, musamman in ya yi aiki a ofishin mai kimanta kadara mai rajista da zai iya ba shi wasiƙa mai kwanan wata da bayanin abin da ya yi. Dillalin da ya shekara goma yana haɗa ciniki a Kano ko Kumasi ya cika sharaɗin shekara biyar a zahiri, sai dai ana so ya tabbatar da shi a takarda, kuma a nan ne gwanaye da yawa ke tsayawa. Rajistar kamfani, takardun biyan haraji, yarjejeniyoyin haya da ya rubuta: tun yanzu ya kamata ya fara tara su.

Zaɓin da ya fi kowane nauyi shi ne irin kamfanin da za ka je. Yawancin masu tambaya hankalinsu na kan dillanci, a nuna gida a sayar a karɓi la'ada. A ganina shi ne mafi raunin zaɓi. A Amurka ba a dillancin gida sai da lasisi, kuma kowace jiha da nata: Florida na neman kwas na awa 63 kafin jarrabawa, New York awa 77, Texas awa 180. Sannan galibin dillalan can ba ma'aikata ba ne, masu zaman kansu ne da ke cin la'ada kawai, ba albashi, ba lokacin zuwa da tashi. Shirin horo kuwa yana buƙatar aƙalla awa 32 a mako ƙarƙashin mai sa ido, bisa tsarin da aka rubuta tun kafin ka taso. Abu biyun ba sa zama inuwa ɗaya, shi ya sa masu ɗaukar nauyi, wato ƙungiyoyin da ke fitar da takardar neman bizar, kan ƙi wurin da la'ada ce kaɗai abin biya. Ko an amince ma, me baƙon da bai san kowa a garin ba zai sayar cikin wata shida?

Kamfanin kula da gidajen haya ya fi ba da abin kawowa gida. A can za ka ga yadda ake tantance ɗan haya, yadda ake tsara kasafin gyare-gyare na shekara, yadda ake bin bashin haya ta manhaja, da yadda ake ajiye wani kaso don rufin da zai lalace nan da shekara goma. Wannan ilimi ne da mai rukunin gidaje a Abuja ko Akara zai biya ka a kansa. Kusa da shi akwai kamfanonin da ke gina unguwanni da manyan shaguna, da masu nazarin zuba jari a kadarori, irin aikin da manyan kamfanoni kamar CBRE da JLL da Cushman & Wakefield suka shahara da shi. Nan gasa ta fi zafi, kuma wanda hannunsa bai faɗa a lissafin Excel ba, zai sha wuya.

Ko wane iri ne, nemi ganin takardar DS-7002 kafin ka ce to. Ita ce tsarin horon, mataki-mataki, da sunan mai kula da kai da abin da za a biya ka. Doka ta ce aikin magatakarda, irin su amsa waya da jera fayil, kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. In ka karanta ka ga wata uku na farko duk "taimaka wa ofis" ne, arhar ma'aikaci suke nema.

Sai batun wa zai tsaya maka. Kamfanin gidajen da ya karɓe ka mai masauki ne kawai. Mai ɗaukar nauyi ƙungiya ce da Ma'aikatar Harkokin Waje ta ba izini, ita kaɗai ke iya fitar da takardar DS-2019 wadda ba a neman bizar sai da ita. CIEE da InterExchange da Cultural Vistas da Intrax suna cikin sanannu, kuma cikakken jerin yana shafin BridgeUSA na ma'aikatar. Ejan da ke ƙasarku, in na gaskiya ne, zai faɗa maka sunan ƙungiyar da yake wakilta, kai kuma ka rubuta mata kai tsaye ka tabbatar. Duba kuma ko izininta ya haɗa da rukunin gudanarwa da kasuwanci da kuɗi, domin a nan ake saka yawancin aikin kadarori.

Ciniki da ƙungiyoyin nan iri biyu ne. Ko dai ka samo kamfanin da kanka su yi maka takardu kawai, ko su nemo maka. Na farkon ya fi arha sosai kuma kai ka zaɓi wurin, amma sai ka jure aika wasiƙu da yawa ba amsa. Na biyun ya fi tsada, kuma guraben harkar gidaje ba su da yawa a hannunsu kamar na otal, don haka tambayi abin da za a mayar maka in ba su samo ba, ko in ofishin jakadanci ya ƙi ka, a rubuce. In kamfanin ƙarami ne, ma'aikatansa ba su kai 25 ba ko kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 3 a shekara ba, kuma bai taɓa karɓar mai horo ta hannun ƙungiyar ba, sai an je an duba shi da ido, wannan kuma kan ƙara kuɗi da lokaci.

Kuɗin gwamnati a fili yake: dala 220 na rajistar SEVIS, wato kundin da gwamnatin Amurka ke ajiye bayanan ɗalibai da baƙin musaya, da dala 185 na neman biza. Inshorar lafiya dole ce, mai biyan aƙalla dala 100,000 a kowace rashin lafiya ko haɗari. Wasu ƙungiyoyi sun haɗa ta cikin farashinsu, wasu a'a, don haka kada ka gwada farashi biyu sai ka san abin da ke cikin kowanne. Lissafa hayar ɗaki ma da abin da DS-7002 ta ce za a ba ka, domin alawus ɗin da zai riƙe mutum a Dallas ba zai kai shi ƙarshen wata a Manhattan ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu. H-3 bizar horo ce mai kaiwa shekara biyu, amma kamfanin ne zai shigar da buƙata wurin hukumar shige da fice ya nuna cewa ba a samun horon a ƙasarku, abin da ke da wuyar nunawa a harkar gidaje. Ɗaya kuma ita ce digiri na biyu da bizar ɗalibai ta F-1, wanda ke ba da damar aikin wata 12 bayan kammalawa. Ya fi kowanne tsada nesa ba kusa ba, kuma dakatarwar da ta shafi J-1 ta shafe shi.

Wanda ke da burin zama a can ya karanta sharaɗin nan da kyau. Wasu masu J-1 dole su koma ƙasarsu su yi shekara biyu kafin su iya samun bizar aiki ta H ko L ko katin zama na dindindin, idan gwamnati ce ta biya musu ko fanninsu na cikin jerin ƙwarewar da ƙasarsu ke buƙata. An sabunta jerin a Disambar 2024, aka cire ƙasashe kamar Indiya da Sin, amma Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru suna ciki. Tambayi mai ɗaukar nauyi wace lambar fanni zai rubuta a DS-2019 ɗinka, ka gwada ta da jerin ƙasarku kafin a buga takardar.