Tabarau mai zagaye: wanne za ka ɗauka?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Wunti ta Bauchi kwanan nan ya ga yadda tabarau mai zagaye ya cika allunan masu sayarwa. Samari na ɗauka sabon yayi ne, alhali shi ne kakan tabarau. Na farko da aka ƙera a Italiya wajajen 1290 zagayayye ne, ba shi ma da hannu, sai dai a riƙe ko a dosana a hanci. Hannayen da ke kama kunne sai bayan shekara 400 suka zo. Da irinsa aka san Gandhi, har aka yi gwanjon wani nasa a Ingila a 2020 kan fam 260,000.

In na gayu kake nema, ka tabbatar yana tare hasken rana mai cutar da ido, wanda ake rubuta wa UV400. Shi ke nan.

Na magani ne ke da magana. Wanda ba ya iya ganin abin da ke nesa, gilashinsa siriri ne a tsakiya, yana ƙara kauri ta gefe. Don haka ƙaramin firam mai zagaye gata ne a gare shi: an yanke gefen mai kauri, nauyi ya ragu, ba a ganin ido kamar ta gindin kwalba. Amma wanda likita ya rubuta wa gilashin da sai an daidaita shi a wata kusurwa, ya yi hattara da cikakken zagaye. Da noti ya saki, gilashin na iya juyawa cikin firam ba ka sani ba, sai ciwon kai da dishi-dishi. Irin wannan ya nemi wanda samansa ya ɗan baje, wato fanto. Ni dai shi na fi so ko don kyau, yana zama daram ƙarƙashin hula zanna.

Sai batun ƙarfe ko roba. Na ƙarfe ba nauyi, ana iya lanƙwasa matokarin hancinsa ya dace da kai, kuma siririn hannunsa na shiga cikin hijabi ba ya matse kunne. Aibinsa zufa: mai araha kan yi kore a zafin Maris da Afrilu, ya bar maka shaida a fata. Mai hali ya sayi na taitaniyam, wani ƙarfe da ba ya tsatsa. Na roba ba ruwansa da tsatsa, sai dai kar a manta shi a gaban mota cikin rana, karkacewa yake yi.

Ana cewa zagaye ya fi karɓar fuska mai faɗin muƙamuƙi, mai kumatu kuma ya kauce masa. Ban cika yarda ba, madubi ya fi kowa gaskiya. Ka sa, ka sunkuya kamar mai ruku'u. In ya zame, a kawo wani.