Tirak de ko hayar ƙaramin fili, wanne ya fi sauƙi wajen gwada sabuwar motar tsere?

Ɗan'uwa mai tambaya, sannu da ƙoƙari, haɗa motar tsere da hannu a gareji ba wasan yara ba ne. Abin da na fahimta a bayaninka shi ne motar ta tashi, an yi mata kejin ƙarfe a ciki, ba ta da lamba balle a hau titi da ita, aljihu kuma ya riga ya ji jiki wajen haɗin, kana neman inda za ka fara gwada ta ba tare da an yi maka tatas ba. Wasu sun ce ka yanki tikitin tirak de kawai, wato ranar da ake buɗe filin tsere kowa ya biya ya shiga da motarsa, wasu sun ce ka kama hayar ƙaramin fili. Toh bari in ajiye maka su kusa da juna.

Amma ka fara cire maganar gudu daga ranka. Motar da ba ta taɓa zagaya fili ba, ranar farko ranar neman laifinta ce: ka yi zagaye biyu ko uku a hankali, ka shigo, ka leƙa ƙarƙashi, ka ga ina ke ɗiga, wane noti ya saki, wace waya ke gogar salansa, ka gyara, ka sake fita. Haka za ka wuni. Don haka wurin da ya fi araha shi ne wanda zai bar ka ka shiga ka fita yadda ka ga dama, ba wanda tikitinsa ya fi ƙanƙanta a takarda ba.

Shi tirak de, kana biyan kuɗin motarka ɗaya ne ka shiga cikin motoci da yawa a filin tsere na gaske. Daɗinsa komai a shirye yake, akwai masu tuta a kwanoni, akwai motar asibiti, akwai janwe in motarka ta mutu a hanya, akwai tsakuwa a gefen kwana da za ta tare ka in birki ya ƙi. Yawanci lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa. Sai dai iri biyu ne kuma bambancin babba ne a wajenka. Akwai wanda ake raba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ya samu kamar minti 15 zuwa 20 sannan ya jira zagayowar layi, kaga in aka kira rukuninku kai kuma kana kwance a ƙasa kana ɗaure tiyon lagireto, shi ke nan wannan ya wuce, kuɗinsa ya tafi. Akwai kuma wanda ƙofa a buɗe take duk yini, ka fita sanda ka shirya. In tirak de za ka yi, wannan na biyun ne kawai ya dace da sabuwar mota, ko da ya ɗan fi tsada.

Abin da ya fi mayar da mutane gida a tirak de ba lalacewar inji ba ne, ƙara ce. Da safe kafin a bar ka ka shiga, wani zai zo da na'urar awon ƙara ya tsuguna bayan motar, ya riƙe ta rabin mita daga bakin salansa a karkace digiri 45, ya ce ka taka totur ka tsayar a kashi uku cikin huɗu na iyakar juyin injin. A filayen Ingila da yawa iyakar desibel 105 ce, wasu ma ƙasa da haka saboda maƙwabta, kuma akwai masu kafa wata na'urar a gefen hanya tana auna ka kana wucewa. Motar haɗin gida da aka yi wa miƙaƙƙen bututu ba tukunya, wallahi da wuya ta tsallake, kuma kada ka sa ran a mayar maka da kuɗinka. Bayan haka yawancin masu shirya tirak de sun hana ɗaukar lokacin zagaye saboda sharaɗin inshorarsu, wasu ba sa karɓar mota mai tayoyi a waje ko wadda ba ta da rajista, in kuma ka zubar da baƙin mai a kan kwalta za a ɗaga jar tuta kowa ya tsaya saboda kai, wani wurin har lissafin shara da na shingen da ka daka za a miƙo maka.

Ita kuwa hayar ƙaramin fili, tsohon filin jirgi ne ko ɗan gajeren filin da ake tsere mota ɗaya bayan ɗaya, wani lokacin filin ƙananan motocin kat in masu shi sun yarda. Nan kuɗin wurin gaba ɗaya ake yanka maka, rabin yini ko yini, in ka ji shi kai kaɗai sai gabanka ya faɗi, amma in kun haɗu ku biyar ko shida masu irin matsalarka kun raba, a ranar aiki ba ƙarshen mako ba, kuma ba lokacin da gasa ta yi zafi ba, sau da yawa abin da zai faɗo kanka bai kai tikitin babban fili ba. Kuma kada ka raina filin jirgi. Silbaston, filin tseren Ingila da ake ji da shi, filin jiragen yaƙi ne na Yaƙin Duniya na Biyu kafin a yi babbar gasar farko a cikinsa a 1948, haka filin tseren Sebirin na Amurka, shi ma tsohon filin jiragen yaƙi ne. Abin da ya sa ya dace da kai shi ne faɗi, ba bango ba shinge, in birkin baya ya riga na gaba kamawa motar ta juya da kai, juyawa kawai za ta yi ta tsaya, ka sauko ka gyara. Kana iya taka birki a miƙe sau goma a jere kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan har fad ɗin birkin su zauna, abin da in ka yi a tirak de da motoci a bayanka sai an nuna maka baƙar tuta.

Nasa aibin shi ne duk abin da tirak de ya tanadar maka, nan kai za ka nemo. Abin kashe gobara, motar ja, wanda zai tsaya yana kallonka da waya a hannu, maganar agajin gaggawa da inshora, dole ku tambayi mai wurin me ke cikin kuɗin me ba ya ciki. Simintin tsohon filin jirgi kuma kamar magagari yake, yana cin taya, ga ƙananan duwatsu, don haka tsofaffin tayoyi masu sauran rai za ka ɗaura, ka adana sababbin. Filin kat kuwa matsattse ne, giya ta biyu da ta uku za ka ƙare a ciki, iska ba ta shiga lagireto sosai, in inji ya yi zafi a can ba lallai ne ya yi a babban fili ba.

Akwai abu ɗaya da miƙaƙƙen titin jirgi ba zai nuna maka ba sai ka ƙirƙire shi: a doguwar kwana baƙin mai yana kwararewa gefe ɗaya na kaskon inji, famfo ya zuƙi iska, gejin mai ya faɗi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a haka ake kashe sabon inji. Fetur ma yana yin haka in tanki ya yi ƙasa. Ka jera robobin alama ka yi babban da'ira, ka zagaya hagu ka zagaya dama idonka na kan geji, in allura ta yi ƙasa ka san kaskon na buƙatar shinge a ciki kafin ka je babban fili.

Ga wasu hanyoyi biyu kuma a taƙaice. Ranar gwaji ta 'yan gasa, wato tes de, nan ne ake yarda a ɗauki lokacin zagaye da agogo a kuma ɗaura tayoyi marasa zane, amma yawanci sai da lasisin tsere, kuɗin ya fi, kuma waɗanda za ka tarar ba jiranka za su yi ba, wannan sai fita ta uku ko ta huɗu. Gasar zagaya robobi a filin ajiye motoci ita ce mafi arhar shiga, sai dai kowane fita kamar minti ɗaya ne kuma 'yan kaɗan za ka samu a yini, mai bai ma gama ɗumi ba an tsayar da kai. In kuma wani ya kawo maka maganar filin tseren Nurburgirin na Jamus, mai zagayen kilomita 20.8, lokacin da ake buɗe wa jama'a dokar titi ce ke aiki, sai mota mai rajista, taka ba ta shiga.

Ni dai in nawa ne, rabin yini na haɗin gwiwa a filin jirgi zan fara, sannan tirak de mai buɗaɗɗiyar ƙofa a ƙaramin filin da ba shi da suna. Wajen lissafi ka haɗa da man motar da za ta ja tirela da kwanan hanya, don fili mai arha da ke da nisan yini guda ya tashi daga mai arha. Kafin ka loda, ka ɗaure kowane notin ƙafa da na sitiyari da sifana mai awo ka ja masa layin fenti ya haɗe da jikin ƙarfen, in ka shigo kallo ɗaya zai gaya maka wanda ya motsa. Man birki ya zama sabo daga rufaffiyar gwangwani, irin wanda ake kira DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 in sabo ne, amma in ya sha danshi yana iya sauka wajen 155, a nan ne feda ke nutsewa ƙasa.

In ba ka samu abokan raba haya ba, kira mai shirya tirak de ɗin da baki, kada ka dogara da abin da aka rubuta a talla. Tambaye shi iyakar ƙara, ko suna karɓar mota mara lamba, da ko za su bar ka ka yi zagayen farko a hankali bayan motarsu. Ka kuma faɗa mana wane inji ka ɗora da ko tayoyin a rufe suke, don wannan kaɗai na iya cire rabin wuraren daga lissafi.