Fortrans ko Picoprep: wanne ya dace da wankin hanji kafin koloskopi?

Hajiya, kin ce an ba Alhaji ranar koloskopi (duba cikin babban hanji da bututu mai kyamara) a nan Yamai, likita ya rubuta masa Fortrans na lita 4, sai wata 'yar'uwa ta ce ku nemi Picoprep don shi ba ya bukatar ruwa da yawa. Kin kuma ce Alhaji na da hawan jini, yana shan maganin da ke sa yawan fitsari. Allah ya ƙara masa lafiya.

Fortrans gari ne, kowane ƙunshi ana narkar da shi a lita ɗaya ta ruwa, babban mutum ya sha lita 3 zuwa 4. Jiki ba ya tsotsarsa. Ruwan da aka sha shi ne ke bi ta hanji yana turo komai waje, kuma an sa masa gishiri daidai yadda ba zai kwashe na jiki ba. Wahalarsa ita ce yawa da ɗanɗano. A sa shi a firiji, a riƙa shan kofi na mililita 250 kowane minti 15. Idan zuciya ta tashi, a dakata rabin awa a ci gaba. Kada a rage ruwan haɗin don a gama da wuri.

Picoprep ƙunshi 2 ne kawai, kowanne a ruwa mililita 150, a motsa minti 2 zuwa 3. Idan ya yi ɗumi a bar shi ya huce. Aikinsa daban ne: yana zaburar da hanji, sinadarin magnezium da ke cikinsa kuma yana janyo ruwa daga jiki zuwa hanji. Shi ya sa maganar 'yar'uwar ba ta cika ba. Bayan ƙunshi na farko sai an sha aƙalla kofi 5 na mililita 250, bayan na biyu aƙalla 3, kuma ba ruwa zalla ba, a haɗa da romo tatacce ko shayi mai sukari marar madara. Wanda ya ƙi sha zai bushe, wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla gishirin jininsa na iya faɗuwa har ya ruɗe ko ya suma. Ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani ko mai raunin zuciya Picoprep, domin ƙodar da ta gaza ba ta fitar da magnezium.

A ganinmu Alhaji ya tsaya kan abin da likita ya rubuta. Maganin fitsari na rage masa ruwa, ga zafin Yamai da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ba ma so a ƙara masa abin da ke jan ruwa daga jiki. Idan lita 4 ta gagare shi, likita ne zai canza, bayan ya duba gwajin ƙoda. Ku tambaye shi kuma ko za a sha maganin fitsarin a ranar wankin.

Abin da ya fi zaɓin maganin tasiri shi ne lokacin sha. Wanda ya shanye duka da dare, kafin safiya ƙaramin hanji ya sake zubo ruwan matsarmama da majina a ɓangaren dama na babban hanji, inda shimfiɗaɗɗen tsiron bangon hanji, irin wanda likita ke nema, ke saurin ɓuya. Gara a raba: lita 2 da yamma, lita 2 awa 4 zuwa 5 kafin aikin, a gama aƙalla awa 2 kafin a shiga, ko yadda mai ba da maganin barci ya ce. Ko da zai kai ga tashi kafin asuba, ya cancanta.

Abinci kuwa duk ɗaya ne. Kwana 2 zuwa 3 kafin ranar a bar fura, dambu, zogale, wake, gyaɗa, miyar ganye, tumatir, gwaba da kankana; dusa da 'ya'yan iri na maƙalewa a hanji, har su toshe bututun na'urar. A ci farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi ko kaza. Da an fara shan maganin, babu abinci, babu kunu ko nono, babu zoɓo, domin jansa na kama da jini. Ƙwayar ƙarin jini a daina ta mako guda kafin nan, tana baƙanta hanji. Maganin tsinka jini da na ciwon sukari kuwa kada a taɓa su sai da umarnin likita.

Hanji ya wanku idan abin da ke fita ya zama ruwa rawaya garau kamar fitsari, babu gutsattsari. Idan har safiya yana fita da kauri, ku faɗa wa ma'aikatan kafin a fara. Idan ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani, ko amai ya ƙi tsayawa, a daina sha a tafi asibiti. Kuma wani ya raka Alhaji, ba zai tuƙa mota ko babur ba a ranar.