Kwas ɗin numfashi da na yi ina tsakiyar kemo

Sai da aka yi mini kemo, wato maganin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya, sau biyu saboda kansar mama na gane daren jajibirin ya fi ranar kanta wahala. Duk bayan kwana 21 ake ɗaura mini ruwan nan da jan magani, doxorubicin, amma tun ana gobe zuciyata take fara tashi. Warin abin wanke hannu na asibiti kawai zan ji, amai ya taso, alhali ko ɗigo bai shiga jikina ba. Dexamethasone da ake ba ni don rage aman, shi kuma ya ɗauke barci.

Ƙanwata ce ta biya mini kuɗin wani kwas na makonni takwas ta intanet, MBSR, wanda ake koyar da tattara hankali a kan numfashi da jiki don rage damuwa. Jon Kabat-Zinn ne ya fara tsarin a 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts a Amurka. Sau ɗaya a mako muke haɗuwa ta Zoom, awa biyu da rabi, sai aikin gida na minti 45 kullum. Ban shiga ba sai da na tambayi likitana. Ya ce, "Hajiya, ki yi. Ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, ASCO, ta ba da shawarar irinsa a 2023 don rage fargaba da damuwa. Sharaɗina ɗaya, kada ki tsallake mini kemo ko sau ɗaya."

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne bin jiki da hankali. Kina kwance, ido a rufe, ki fara daga yatsun ƙafa, ki tsaya a kowace gaɓa ki ji abin da take ji, ba tare da kin ce yana da kyau ko muni ba. Ranar farko, da muka iso ƙirji, wajen da aka cire mini mama, kuka ya ƙwace mini. Wata biyu ina wanka ban yarda na kalli wurin ba. A mako na uku na iya tsayawa a kansa ina numfashi, na ji tabon, na ji inda fatar ta mutu da inda take da rai. Tun daga nan daren jajibiri ya fara sauƙi. Ba na cewa fargaba ta tafi, amma tana zuwa in gane ta, in yi numfashina, barci ya ɗauke ni.

Na yi ɗari-ɗari da farko saboda na ji tushen abin daga zaman tunani na mabiya Buddha yake. A ajinmu dai ban ga bautar komai ba. Bayan sallar asuba nake yi, in rufe da azkar ɗina.

Akwai inda kwas ɗin ya gaza. Minti 45 ya yi yawa ga wadda aka yi wa kemo jiya. A irin ranakun minti goma nake iyawa. Komai da Turanci ne, kuma raina ya sosu da na tuna matan da muke layi da su a asibiti, waɗanda suka fi ni bukata. Motsa jikin yoga ma ba a tsara shi don hannun da aka cire wa kaluluwa ba, sai da likitar gashin ƙashi ta zaɓar mini waɗanda zan yi. Ga cin data.

Kuma kwas ɗin bai yi maganin kansar kanta ba. Gashina ya zube, aman bayan kemo ondansetron ne ke tsayar da shi. Na faɗi haka ne don wata maƙwabciyata ta ce tunda na samu sauƙi in bar asibiti. Binciken Jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya nuna waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara ga wani daban, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi.

Gobe ne kemo na shida, na ƙarshe in Allah ya so. Na haɗa jakata, na sa wayar a caji, ƙarfe tara zan kwanta in fara daga yatsun ƙafa.