Gyambo: Busasshen Bandeji ko Mai Riƙe Danshi?

Da yawa sun ɗauka sai miki ya bushe yake warkewa, shi ya sa ake rufe shi da busasshen bandeji. Yana da arha, amma yana mannewa. Wajen cirewa sai ya taho da sabuwar tsoka, jini ya tsattsafo, majinyaci na cije leɓe.

Mai riƙe danshi ya fi tsada, sai dai yakan yi kwanaki ba a canza shi ba, fata kuma ta fi saurin haɗewa, kamar yadda wani mai bincike, George Winter, ya gwada a jikin aladu a 1962. Wannan bandejin na fi so ga gyambon kwanciya, wato wanda doguwar kwanciya ke jawo wa majinyaci. Amma in jini ba ya isa ƙafa, baƙin ɓawon diddige ya bushe, kada a jiƙa shi sai likita ya duba.